Fitsarin da Ya Sha Rana

Da uwargida ta ce idanuna sun koma kamar gwaiduwa, maƙwabta kuma suka yi ittifaƙi cewa shawara ce, sai na ƙudura niyyar zuwa Minna awon fitsari; amma da yake ni mutum ne mai kunyar biyan bukata a baƙon wuri, tun da asuba na tanadi abin awon a gida, na ɗura a farar kwalba.

Direban da ya ɗauko mu daga Zungeru, Allah ya shirye shi, da ya ji abin da ke ciki, ya rantse najasa ba za ta zauna masa a mota ba, ya ɗaure ta a sama kusa da kwandon busasshen kifi, inda ta sha rana har azahar, domin taya ta yi faci.

Mai awo ya tsoma tsinkensa mai launuka, bai ga kome ba. Ina cikin hamdala ya dubi idanuna, ya tambayi tarihin kwalbar, sa'an nan ya zaunar da ni karatu. Ya ce bilirubin, wanda ke samuwa idan jajayen ƙwayoyin jini suka mutu, ba ya fita a fitsari sai hanta ta sarrafa shi ya komo cikin jini, alamar ciwon hanta ke nan ko toshewar hanyar matsarmama. Shi kuwa yurobilinojin, da ƙwayoyin hanji ke yi daga gare shi, yana yawaita idan zazzaɓin cizon sauro ko sikila na farfasa jini, ya ɓace idan hanya ta toshe. Haske da jinkiri na lalata su duka.

Da ya ƙi karɓar na kwalbar, na kawo hujja cewa garinmu Zungeru ya riƙe hedkwatar Arewa daga 1902 zuwa 1916, bai cancanci a mayar da shaidarsa ba. Ya miƙo mini ƙoƙo, ya ce tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana ne lokaci mafi dacewa, ya kuma hana ni ɗirkar ruwa kada fitsarin ya tsinke.

Na tsaya a makewayi, mutane na ƙwanƙwasa ƙofa suna "Baba, lafiya?", abin ya ƙi zuwa sai gab da la'asar. Bilirubin babu, yurobilinojin ya yi yawa, awon jini ya tabbatar da sauro ne.

Kwalbar kuwa aka ce in tafi da abata, ba su karɓar ajiya. Na isa tasha na tarar motar da ke kan layi ta direban nan ce.