Kwamitin Jingina da Katanga

Ranar kasuwa ɗan ƙanena ya shigo Ƙonni daga Bazaga a kan kabu-kabu. Ya yi sallama idonsa na kan salula, kafin in gama tambayar mutanen gida ya ce, "Baba, an canza kode ne?" Na ba shi. Ya latsa, ya latsa, ya girgiza kai: "Baba, wifin nan naka ba shi da ƙarfi. Cutarka suke yi."

Wai cutata suke yi! Yaron da rabonsa da sayen forfe tun kafin a sayar da Orange a 2019.

Ba shi kaɗai ba ne, kwamiti ne guda, kuma ofishinsu katangata ta gabas, taku uku daga bakin rariya, inda suka gano rezo ya fi kamawa. Da simintin Malbaza na shafe katangar nan, yanzu gadon bayan jama'a ya goge ta har tana sheƙi. Wurin yana da doka: babba ya jingina, yaro ya tsuguna, baƙo ya jira layi. Mai shayi ya kawo tebur. Mai tsire ya zo ya duba, ya ce zai yi shawara. An nemi aure a nan ta bidiyo, ango yana Abijan, ni mai katangar ko goro ban gani ba. Har direban babbar motar albasa daga Galmi aka yi wa kwatance da ita, bai kuwa ɓata ba. Shekaranjiya wani dattijo ya aiko a gaya mini rana tana dukansu da hantsi, ko zan duba maganar rumfa.

Kuma kowannensu injiniya ne. Wannan ya ce fiba ta fi, ai wayar tana nan binne a gefen gudron daga Yamai, ta Dosso, ta wuce mu zuwa Maraɗi da Damagaram, laifina ne da ban je ofishin Niger Telecoms na tambaya ba. Wancan ya ce fiba tsohon yayi ce, Starlink ya shigo ƙasa tun 2025, daga sama yake zubowa. Na uku ya rantse in ka hau soro ka fuskanci Illelar Najeriya, layin MTN ya fi kowa gudu. Sun san farashin komai har dala, amma in wata ya ƙare sai su ce, "Allah ya ƙara buɗi, Alhaji."

Ni fa ba rowa nake ba. Amma ƴata ta kwana tana fama ta tura takardunta zuwa jami'ar Tawa, abu ya ƙi tafiya, saboda rabin unguwa na sauko da bidiyon wani yana mari wani. Da na kashe akwatin wifin, ƙato mai gemu ya buga mini ƙofa yana tambaya ko lafiya. Lafiya lau, ɗan albarka. Kuɗina ne ba su da lafiya.

Tele kuwa sai haƙuri. Ni ke biyan Canal+, mata na son Daɗin Kowa a Arewa24, samari na son ƙwallon Ingila, ni labarun Télé Sahel kawai nake roƙo. Tun ran da Najeriya ta yanke mana kuran a Agustan 2023 jama'a suka dawo kallo gidana, ban sake samun falona ni kaɗai ba. To amma wa ya koya wa mutanenmu tauna batirin telekomandi? In ya mutu sai a ciro, a gartsa masa haƙori, a murza, a maida, a buga a tafin hannu. Nawa duk shatin haƙora ne, manya da ƙanana, har da na wani mai giɓi. Batiri sabo yana shagon bakin layi, ba wanda ya taɓa tunanin saye. Murfin bayan ma ya ɓata, da kyauro muka ɗaure. Wanda ya ɗauka ya maido kafin Juma'a, na san girman haƙoran kowa.