Yadda Ake Adana Kuɗin da Babu Su

Masu hannu da shuni sun daɗe suna kokawa da wahalar ajiya. Tsabar kuɗi ɓarawo na iya haurowa ya kwashe, gobara na iya lashewa, gara ma ba ta raina takarda ba. A Jamus an samu kamfani, Wirecard, da ya magance matsalar daga tushe: ya ajiye yuro biliyan 1.9 ta yadda babu ɓarawon da zai iya taɓa ko sisi, domin kuɗin babu su. Tun da har yau mutane da yawa ba su gane fasahar ba, ga bayani.

Sana'ar kamfanin dillanci ce. In ka sayi kaya a intanet da katin banki, akwai mai tsayawa tsakanin katinka da asusun mai kaya, ya miƙa kuɗin ya cire la'adarsa. Aikin Wirecard ke nan a da, mai hedkwata a Aschheim, gefen birnin Munich. Shugabansa a lokacin, Markus Braun, ɗan Ostiriya ne mai digirin dakta, mai yawan sa baƙar riga mai rufe wuya irin ta Steve Jobs. Kada mai karatu ya raina rigar nan. Wanda ya sa ta ya hau dandamali yana zancen makomar duniya, ba a katse shi a ce ya nuna rasit.

A watan Satumba na 2018 kamfanin ya shiga DAX, jerin manyan kamfanoni 30 na kasuwar hannun jarin Jamus a lokacin, darajarsa ta kai kusan yuro biliyan 24. Wanda aka tayar don ya zauna shi ne Commerzbank, bankin da aka kafa tun 1870, tsoho mai ra'ayin riƙau da har lokacin yake harka da kuɗin da ake iya ƙirgawa. Bai yi fushi ba, yana ma cikin bankunan da suka ranta wa Wirecard kuɗi.

To, ga asirin ajiyar. Kamfanin ya ce a ƙasashen da ba shi da lasisi, wasu abokan hulɗa ne ke yi masa aikin a Dubai da Singafo da Manila, rabonsa na la'ada kuma ana tara masa a hannun wani amintacce. Daga nan ne kusan duk ribarsa ke fitowa, a takarda. Hikimar tana cikin nisa. Kuɗin da ke bayan gida kowa na iya cewa a buɗe akwati ya gani, amma wanda ke can ƙetaren teku sai an sayi tikitin jirgi, ga zafi, ga bambancin agogo.

Akwai masu binciken lissafi, ba shakka. Kamfanin EY ya shafe kusan shekara goma yana sa hannu a littattafan. Mu nan mun taso ana cewa gani ya kori ji, amma ilimin lissafi ya ci gaba, yanzu ji ne ke korar gani. Amintaccen ya aiko da takarda cewa kuɗin na nan, mai bincike ya duba takardar ya ga lallai takarda ce, ya sa hannu. Jaridar Financial Times ta ruwaito cewa fiye da shekara uku ba a nemi bayanin asusun kai tsaye daga bankin Singafo da aka ce kuɗin na ciki ba. Wannan ladabi ne. Uwar adashi ma ba ta jin daɗin 'yar zubin da kullum sai ta ce a kwance ƙullin ta ƙirga.

Marasa ladabi dai ba a rasa su. Dan McCrum na Financial Times ya bi kamfanin da tambayoyi tun 2015. A 2019 abokiyar aikinsa Stefania Palma ta yi abin da ba a saba yi ba a harkar kuɗi: ta hau mota ta je adireshin. A Filifin, ɗaya daga cikin kamfanonin da aka ce suna juya miliyoyi ya zama gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya yi ritaya, yana zaune da iyalinsa, bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Wani kuwa ofis ɗaya yake da kamfanin motocin safa. Ni a nan tsimi na gani, don kamfanin da bai ɓarnatar da kuɗi a kan haya ba ya cancanci yabo.

Hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a Jamus, BaFin, ba ta yi sanya ba. A Fabrairun 2019 ta hana masu cacar faɗuwar farashi taɓa hannun jarin Wirecard har wata biyu, a Afrilu kuma ta kai ƙarar 'yan jaridar biyu gaban masu gabatar da ƙara. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Daga baya ya fito cewa wasu ma'aikatan hukumar suna saye da sayar da hannun jarin kamfanin, wato suna sa ido a kansa daga kusa sosai. A Satumban 2019, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta sa wa kamfanin baki a ziyararta ta ƙasar Sin.

Abin da ya ɓata tsarin tambaya ce irin ta ɗan ƙauye. Bayan wani kamfanin binciken lissafi, KPMG, ya fitar da rahoto a Afrilun 2020 cewa ya kasa tabbatar da cinikin, EY ya ce a turo wani ɓangare na kuɗin Jamus a gani. Shiru kake ji. Lokacin an ce ajiyar ta koma bankuna biyu na Manila, BDO da BPI, dukansu kuma suka ce takardun jabu ne. Ranar 18 ga Yuni EY ya ƙi sa hannu. Ranar 22 kamfanin ya sanar cewa bisa dukkan alamu kuɗin babu su. Ranar 25 ya bayyana cewa ya karye. Babban bankin Filifin ya ce ko ƙwandala ba ta shigo ƙasar ba, shaidar cewa ajiyar ta yi aikinta: babu abin da ya ɓata a can.

Masu hannun jari ne suka yi asara, domin su kuɗin gaske suka zuba. A 2023 hukumar da ke kula da masu binciken lissafi ta ci EY tarar yuro 500,000, wadda aka buƙaci a biya da kuɗin da akwai su.

An fara shari'ar Braun a Munich a Disambar 2022. Ya musanta tuhumar, ya ce shi ma cutarsa aka yi, wasu ne a ƙarƙashinsa suka yi aika-aikar bai sani ba. Haka tsarin shugabanci yake: ranar riba shugaba ne mai hangen nesa, ranar asara kuma ofishinsa na can sama, ba ya jin motsin ƙasa.

A Yunin 2020 kuwa, mai kula da harkar Asiya a kamfanin, Jan Marsalek, ya shaida wa abokan aiki cewa zai je Filifin ya nemo kuɗin. Rajistar shige da fice ta ƙasar ta nuna ya shiga ya fita zuwa Sin, sai aka gano ita ma jabu ce. Ashe tun ranar 19 ga Yuni ya hau ƙaramin jirgi daga kusa da Vienna zuwa Minsk, ana kuma kyautata zaton yana Rasha. Har yanzu bai aiko da saƙon ko ya ga kuɗin ba.