Ɗan Gatan da Ake Sayo wa Ƙuda

A fadamun jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu, can Amurka, akwai wani tsiro mai cin ƙwari da ake kira Benus. Talauci ne ya koya masa farauta. Ƙasar wurin yashi ce mai tsami, ba ta da abin kirki, sai ya mai da ganyensa tarko. Da zarar ƙuda ya taɓa gashin ciki sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20, sai baki ya rufe ruf, sai dai a yi wa dangi gaisuwa. Tun 1875 Cals Darwin ya rubuta littafi guda a kan irinsu.

Yana zaman zamansa sai masu abin hannu suka ƙyalla ido suka gan shi. Aka gina masa ɗakin gilashi, aka sa fanka, aka toshe kowace kafa da raga don kada ƙwaro ya shiga. Ƙwaro fa, abincin nasa! Sai ga maigida, mutum da furfurarsa, ya sayo busassun tsutsotsi a kanti, ya jiƙa, ya durƙusa da matsefata yana ba shi a baki. Matacce kuwa ba ya motsi, tsiron ba zai narkar da shi ba, don haka dole maigida ya riƙa ɗan matsa tarkon da yatsu, yana kwaikwayon shure-shuren ƙuda. Da ya biyo ta mahautar garinmu da mun cika masa buhu da ƙuda kyauta, har da gyara.

Gatan ne ma ke kashe shi. A ba shi taki, saiwa ta ƙone. A ba shi ruwan famfo, gishirin ciki ya illata shi, shi ruwan sama yake so. Hunturu ya zo yana neman barcinsa na wata uku zuwa huɗu, maigida ya ji tausayi ya kunna masa na'urar ɗumi. Ga baƙi: kowa ya shigo sai an ce, "Sa yatsa ka gani!" alhali kowane tarko 'yan lokuta yake rufewa ya yi baƙi ya mutu.

Maƙwabci kuwa ya ajiye nasa a bayan gida cikin faranti mai ruwan sama, rana na dukansa, ya ma manta da shi. Bakin nan ya yi jawur, tarko uku na riƙe da ƙuda. Maigida ya leƙa ta katanga ya gani, ya yi tsaki, ya koma ciki ya yi odar sabuwar fitila.