Idan Alƙalan Gasa Suka Dawo Maka da Labarinka

Ɗan'uwa marubuci na Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, sakamako ya fito babu sunanka, ga sharhin alƙalai ya kusa fin rubutun fim ɗin naka tsawo. To, yi fushinka. An ba ka kwana uku cur. Kai ƙara teburin mai shayi, don shi bai taɓa ba abokin cinikinsa rashin gaskiya ba. Rana ta huɗu ka wanke ido ka ɗauko biro.

Ba a kanka farau ba. A 1933 Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar da Rupert East ya shirya, kuma sai da littafinsa Ruwan Bagaja ya bi ta hannun mai gyara kafin ya fito a 1934. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ma ɗan wannan gasar ne. Ya sauya riga ya zama wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Fara gyaran daga gaisuwa. Shafi guda kusan minti guda ne a fim, kai kuwa fim ɗinka na minti goma, uku sun tafi a ina kwana, ina gajiya, ya gona, ya mai jiki. Tarbiyya ce, na sani, Allah ya yi maka albarka. Bar sallama ɗaya, sauran ka adana wa surukanka.

Sai babbar cutar. Ka rubuta cewa Ladi ta tuna mijinta, zuciyarta ta yi nauyi. Kyamara ba likita ba ce, ba ta leƙa zuciya. Sa Ladi ta kwashe tuwon masara malmala biyu kamar kullum, ta ajiye kwanon maigida a ƙofar turaka, ta ɗan tsaya, sannan ta duƙa ta ɗauke shi. Kada ta ce uffan. Mu da muka ga satar ɗalibai ta Disambar 2020 a Ƙanƙara, muka kuma yi watanni a 2021 ba layin waya, ba ma bukatar a fassara mana wannan kwanon.

Jirgi mai saukar ungulu da shanu ɗari biyu da ka zuba a fitowa ta biyar, sallame su. Jarinka wayar hannu ce da babur ɗin yayanka, shi ma aro. Ƙarar babura daga nesa da uwa tana lalubar tocila ta kashe sun fi jirgin tayar da tsikar jiki.

Amma fa akwai inda za ka turje. In an ce dattijuwar Faskari ta daina cewa ɗiyata, ko a ɗauke labarin daga gonar auduga ta Daudawa a kai shi falon wani alhaji a Kano, ka yi godiya da ladabi, ka bar kayanka yadda suke. Alƙali ya san fim, kai ka san garinku.

Kafin ka sake aikawa, karanta wa kakarka da ƙarfi bayan la'asar. Duk shafin da ta miƙe za ta duba awaki, naɗe kusurwarsa. Gobe da safe ta nan za ka soma.