Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Sil, Mai Gadin Mai

 Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, duk da na san lafiyar ba ta cika daɗewa a jikinka ba.

Ni makaniken injin jirgin ruwa ne a bakin kogi, nan Yauri. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya faɗaɗa, mai filafili ya ga ta kansa, inji ya zama sarki. Kai kuma aka naɗa ka mai gadi, ɗan zoben roba da siririn sifirin a ciki. Aikinka biyu ne kacal: kada mai ya fita, kada ruwa ya shiga. To Malam, wanne ka riƙe a ciki?

Mu fara da bayan farfela, inda aka zaunar da kai. Mai jirgi ya zo yana cewa, "Oga, giya tana ƙara." In kwance sukurun ƙasa, maimakon man giya sai wani farin abu ya tsiyayo kamar kunun gyaɗa. Wato ka buɗe wa kogi ƙofa tuntuni. Boris ya yi tsatsa, haƙoran giya sun cinye juna, kai kuwa kana zaune ko gezau.

A injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa masa fetur da mai, ɓarnarka ta tsaya a giya da karanshaf, don ba shi da kamshaf. Amma a injin da ke da baƙin mai daban, can ka samu Alhaji Kamshaf. Dattijon kirki ne: karanshaf ya juya sau biyu, shi sau ɗaya, yana buɗe bawul da tozonsa a kan lokaci. Ba ya neman komai sai mai. Kai kuma ka dinga ɗigar da man ɗis-ɗis, har ka jiƙa bel, har tozon ya siɗe. Bawul ya daina buɗewa sosai, inji ya kama ƙas-ƙas, ya rasa ƙarfi a tsakiyar ruwa da buhunan shinkafa da mata da yara. Daga nan sai walda a cike tozon a goge, ko a aika neman na Beljiyam. Kuɗinka bai kai na cefanen kwana biyu ba, amma ka ja wa mutum sayar da sa.

Sai dai ba a yanke hukunci da jin ɓangare guda. Na san abin da za ka ce. Zaren koma da na ƙugiya suna naɗewa a bayan farfela, su yi zafi su narke, su yanke maka leɓe, ba wanda ya leƙa. Yairayi yana gurzar ka. Shaf ya yi zurfin layi inda kake zama, a ɗora sabonka a kan tsohon layin, a ce kai ne ba ka da kyau. A sayo jabun ƙaninka mai araha, a buga shi da guduma a karkace. In an ce a canza ka, mai jirgi ya ce, "A lallaɓa zuwa bayan kasuwa." Gaskiyarka, Malam, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka na sallame ka da gargaɗi, musamman da yake sakacinka ne ke biya wa 'ya'yana kuɗin makaranta. Masu jirgi kuwa, ku ji da kyau: ku riƙa cire farfela kuna tsince zare, ku duba launin man giya, ku zuba sabo ta ƙofar ƙasa har ya fito ta sama, kuma ku ja sandar baƙin mai kafin ku tayar. Ranar da kuka ga ɗigo, a ranar za a canza sil, don rayukan mutane kuke ɗauka.

Wassalam. Naka, makaniken bakin kogi.