Yadda Hannuna Ya Samu Manemi a Bukkuyum

Hayar kayan biki nake bayarwa a Gummi. Ina da rumfuna, da kujerun roba, da tabarmi, da janareta mai yawan tari, da kuma kujerar amarya da ango mai ruwan zinari, wadda wani kafinta ya ƙera mini a Gusau, ya rantse ko Abuja aka kai ta ba za a raina ta ba. Ɓangaren mata kuwa na uwargida ne: lalle, dilka, ɗaurin kallabi, turaren wuta. Tallarmu ba ta taɓa wuce bakin gwaggwanni ba. Gwaggon amarya ta ga aikinmu a wunin biki, ta kai labari gidan suna, daga nan ya faɗa kunnen wata mai ɗiya a gida. Da haka kayanmu suka san hanyar Bukkuyum da Anka, ba mu biya kowa ko kwabo ba, in ban da ƙullin alkaki da ake aika wa gwaggon.

A daminar 2021 ɗan ƙanwata ya dawo hutu daga Sakkwato da waya mai ido uku a baya, ya zauna a kan kujerar zinarin nan ba tare da izini ba, ya ce, “Kawu, an bar ka a tasha.”

Bayaninsa ya yi tsawo, amma akwai gaskiya a ciki. 'Yan matan yanzu ba sa zuwa su ce a yi musu lalle mai kyau. Waya suke miƙowa, su ce irin wannan. Ya nuna mini inda suke samo hotunan, wata manhaja mai suna Pinterest da aka buɗe a Amurka a 2010, inda kowa ke da allo yana liƙa hotunan da suka burge shi. A 2017 suka ƙara mata dabarar nema da kyamara, a shekarar kuma Google ya fito da tasa, Google Lens. Ba sai ka rubuta komai ba. Ka ga atamfa a jikin wata, ka haska ta, injin ya kwaso maka duk masu kama da ita. Na ce to ina ruwan wannan da rumfata? Ya ce, “Kawu, injin nan bai san ka ba, bai san Gwaggo ba. Launi yake gani, da siffa, da rubutun da aka sa ƙarƙashin hoto. Ka sa hoto mai haske, a tsaye, ka rubuta lallen amarya, ka rubuta Gummi, ka rubuta Zamfara, ka sa lambar waya. Duk wadda ta nemi irinsa, kai za ta tarar.”

Sai ya yi abin da ya kashe mini baki. Ya rubuta Anka a wurin neman hotuna. Ramukan zinari suka fito, da likitoci, da yaran da gubar dalma ta kama a su Bagega a 2010, da motocin sojoji. Garin da Sarkin Zamfara yake zaune, garin da na sha kafa rumfa ana guɗa har dare, babu amarya ko ɗaya a cikin abin da duniya ke gani. Ya ce, “Ka gani? Fili ne babu kowa.” Wannan maganar ta shige ni, har yau kuma ina nan a kanta.

Kujera ba ta ba mu wahala ba, in ban da akuyar maƙwabta da ta dage sai an ɗauka da ita. Lalle ne ya zama aiki. Amaren da uwargida ta yi wa ado duk suna gidajen mazajensu, kuma ba a haifi angon da zai yarda hannun matarsa ya shiga duniya da lambar wayar wani ƙato a ƙarƙashi ba. Na dubi uwargida. Ta ce, “Malam, in kai ka yarda, ni ban yarda ba.” Na ce ai ban ce komai ba. 'Ya'yanmu mata ƙanana ne, hannunsu ba ya ɗaukar zanen. Yaron nan kuwa ya ce shi ne mai riƙe waya, ba ya yiwuwa ya zama mai hoto kuma ya zama hoton.

Suka yi shiru su biyu, suna kallon hannuna.

Gaskiya ɗaya ce, Allah ya yi mini dogayen yatsu. Ban taɓa noma mai yawa ba, fatar ba ta yi kanta ba. Aka kawo reza aka share gashin, aka goga dilka, uwargida ta zauna da kwalinta tana zane tana cije leɓe don kada dariya ta karkatar mata da layi. Ta yi furanni da baƙi tun daga wuyan hannu, ta ƙunsa jan lalle a kan yatsu da farata, ta zura mini awarwaronta da zobe. Na tuna musu cewa a da angwaye ma ana sa musu lalle, ba abin kunya ba ne. Uwargida ta ce, “Awo, amma ba da hure ba.”

Hoton ya yi kyau, wannan ba na musu. Abin da babu wanda ya ga damar tuna mini shi ne, baƙin zane yana gogewa cikin 'yan kwanaki, amma jan da ya kama farce ba ya fita sai farcen ya tsiro ya ƙare. Na sayi safar hannu a tsakiyar damina, na ce ƙaiƙayi ne ya kama ni, har wani dattijo ya haɗo mini garin magani. Alwala na koma yi a gida. Ranar da asiri ya tonu kuwa, wurin ɗaurin aure ne, a ƙarƙashin rumfata. Liman ya ce Fatiha, kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, na manta cewa na cire safar don ƙirga goro. Wanda ke gefena ya shafa addu'a, ya juyo a hankali ya ce, “Malam, ashe kai aka ɗaura wa? Allah shi sa albarka.”

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Wata Hajiya ce daga Anka, maigidanta yana harkar zinari, za ta aurar da ɗiyarta ta fari. Ta ce, “Malam, wanga ɗaki da ɗiyata ta gani cikin waya, shi nika so. Kuɗi ba matsala ba na.” Na ce an gama, Hajiya. Kafin la'asar kafin alƙalami ya shigo. Sai da dare na ce wa yaron ya nuna mini ɗakin da ake magana.

Wani zaure ne da zai haɗiye filin ƙwallo. Fitilu masu lu'ulu'u suna reto daga sama, fararen furanni sun lulluɓe bango, ƙasa tana sheƙi har ana ganin rufin a cikinta. Ashe bayan hotunanmu na gaskiya, yaron ya buɗe wani allo ya sa masa suna Irin Aikinmu, ya cika shi da abin da ya tsinto. Manhajar ba ta ɓoye komai ba, kowane hoto yana ɗauke da adireshin inda ya fito, sai dai babu amaryar da ke karanta ƙananan rubutu. Na ce, “Kai yaro, wannan fa?” Ya ce, “Kawu, ai ban ce aikinmu ba ne. Irin aikinmu na ce. Su biki, mu biki.” Na auna maganar, na ga ko gaban alƙali aka je tana da ƙafa. Na yi niyyar kiran Hajiya in ɗan rage mata buri, amma na ce bari a kwana biyu, kada a ce na cika gaggawa.

Ranar 3 ga Satumba, 2021, aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A makon ne kuma gwamnati ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka. Ba abin wasa ba ne, mutane sun sha wuya, wanda ke da ɗan'uwa a nesa sai ya yi tafiya kafin ya ji muryarsa. Amma ni a nawa ɗan lissafin, abu biyu suka faru a rana ɗaya: ba ni da hanyar gaya wa Hajiya gaskiya, ita kuma ba ta da hanyar sake ganin hoton, domin ɗiyar tata ba ta sauke shi a waya ba. Yaron ya tattara ya koma Sakkwato, ya bar ni da alkawari.

A farkon Oktoba aka maido wa Gusau layi, mu na yamma aka ce mu ƙara haƙuri. A cikin wannan haƙurin ranar biki ta zo. Na aika Gusau aka sayo furannin roba da farin yadi da fitilun Sin masu batir, tunda janareta ba ya shan ruwa. Muka loda kaya da hantsi, domin hanyar ba ta dare ba ce, muka bi ta Daki Takwas. A wani shingen bincike jami'i ya ce kowa ya fito da hannunsa waje. Ya dubi rabin farcena ja, ya dubi gemuna, ya dubi kujerar zinari a bayan mota, ya ce mu wuce, bai ko buɗe buhu ba.

Muka kafa rumfa a ƙofar gida, muka naɗe ƙarafunan da yadi, muka rataya fitilu da zaren buhu. Hajiya ta fito da tawagarta. Ta daɗe tana kallo.

“Malam, wanga ba shi ba na. Ina hitilun?”

Na nuna mata. Na ce rana ce, Hajiya, a bari dare ya yi.

A nan Allah ya kawo mini agaji ta inda ban zata ba. Duk matan da ke wurin sun ga hoton wata biyu da suka wuce, kuma kowacce da abin da ta gani. Amarya ta ce furannin farare ne. Babbar ƙawarta ta ce ruwan hoda ne, ta rantse. Ƙanwar Hajiya ta ce akwai tsuntsaye a ciki. Wata gwaggo, wadda na tabbata ba ta taɓa riƙe wayar ba, ta ce ita dai ta ga raƙumi. Ƙawar ta ɗaga waya sama, ta hau turmi, ta sauko, babu ko sanda ɗaya. Gardama ta bar kaina ta koma tsakaninsu, har aka tono wata tsohuwar magana ta kayan gara da ba a raba daidai ba tun auren ƙanwar. Ni dai na ci gaba da jera kujeru. Kafin su sasanta an kira magariba, fitilun batir suka kama, farin yadi ya ɗauki haske, uwargida ta fito da amarya da lallenta har gwiwar hannu. Aka zaunar da ita a kujerar kafintan Gusau, gwaggon raƙumi ta rangaɗa guɗa ta ce, “Shi na! Wallahi shi na!” Babu wadda ta iya ƙaryata ta. Aka cika mini kuɗina, har da ƙwaryar dubulan.

Da layi ya dawo wajen ƙarshen shekara, aikin farko da ƙawar nan ta yi shi ne haska hoton da Google Lens. Cikin ƙiftawar ido ya kai ta wani otal a Pakistan. Hajiya ta aiko mini saƙon murya mai tsawo, wanda rabinsa nasiha ne, rabinsa tarihin iyayena. A ƙarshensa ta ce ɗiyarta ta biyu an sa mata rana bayan Sallah, in zo da kujerar nan, amma kada in zo da yaron. Na sa an goge allon Irin Aikinmu, ba don komai ba sai don idon da ke kawo maka ciniki yana cikin wayar abokin cinikin ma.

Hotunanmu na gaskiya kuwa suna nan, kuma suna aiki daidai gwargwado. Ba daga nesa suke kawo mutane ba. Yawanci wata ce za ta sauke hoton ta ɗora a WhatsApp, gwaggonta ta gani, ta ce ai na san su, mutanen Gummi ne. Wanda ya fi kowanne tafiya shi ne hoton hannun nan. Amare suna zuwa daga Nasarawar Burkullu da shi a waya, su ce wa uwargida irin na wannan baiwar Allah suke so, ita kuma ta ce to, ta leƙo tsakar gida ta ce, “Malam, a miƙo mini kwalin lalle.”

Matsalar da ta rage guda ce. Wani bawan Allah daga Bukkuyum ya ga hoton, ya kira lambar da ke ƙasa. Ba rumfa yake so ba, ba kujera ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Baba, ya ce yana tambaya ne ko mai hannun nan an yi mata miji. Na ce an yi. Ya ce to ko da ƙaddara za ta gifta, a tuna da shi, yana da gona da babur. Tun daga ranar, duk Juma'a sai ya turo katin waya ya ce a ba ta ta sa albarka. Uwargida ta ce kada in kuskura in faɗa masa, katin yana mata amfani.

Saboda haka, in kana karanta wannan, ɗan'uwa na Bukkuyum, don Allah ka daina turo kati. Mai hannun nan yana da mata da 'ya'ya da furfura a gemu. In ka samu wata ka tashi aure, rumfa da kujeru suna nan, zan yi maka ragi.