Ku da "Ci" a Baki, Kuke Kukan Ingilishi?

Wai ɗaliban kolej na Dogon Dutsi sun sa Ingilishi gaba da tsegumi. An koya musu *take off* tuɓe riga ne. Washegari mushe ya ce jirgin sama ma haka yake yi in zai tashi, jibi kuma sai ga ma'aikaci ya yi shi ya tafi hutu. Iyaye na taya su: "Harshen nan ba shi da alƙibla. Hausa kuwa, magana ɗaya ma'ana ɗaya."

Ma'ana ɗaya? To Arawa, ku gyara zama.

Yaron nan mai ƙorafi, in Allah ya yarda zai ci BEPC. Da cokali ko da hannu? Ubansa ya ci bashin jika goma don kayan lakwal, ya je Tibiri ranar da kasuwa ke ci, ya ci 'yar riba, a hanyar dawowa aka ci shi tara don babur ba takarda. Ya iso gida ya tarar wuta ta ci rumbun maƙwabci. Yini guda ana ta ci, ko loma ɗaya ba ta shiga cikinsa ba.

Na san abin da dattijon Matankari zai ce: "Haba ɗana, ai wannan a fili yake, ko yaro ya sani." Gaskiya ne, Baba, don da nono kuka sha shi. Yaron Landan ma haka yake ganin nasa. Kuma ga shi mun faɗa ramin "sha": ana shan iska, ana shan alwashi, ɗan kokawa ya sha kaye yana kallon Issaka Issaka na Dosso ya sake cin takobi.

Abin har ya ɗaure wa Nasara kai. Claude Gouffé, Bafaranshe masanin harshe da ya yi rubutu kan Hausar Dogon Dutsin nan taku, a 1966 sai da ya zauna ya rubuta maƙala sukutum kan "ci" da "sha" kaɗai. Ku kuwa ma'ana uku ta sa kuna neman jefar da littafi.

In kuna son rigima ta gaske, ku je Lugu ku ce sojojin Bafaranshe Voulet sun ci Sarauniya a 1899. Garin dai sun shige shi, amma ba su kama ta ba. Ku zaɓi kalmarku da kyau, kar a ce kun ci mutuncin mutane.

Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ke nan masu koyo na tafe. Ku tanadi amsa tun yanzu, don Bazabarme zai tambaye ku me ya sa wanda ya ci duka da wanda ya sha duka dukansu kuka suke yi.